Wace waya za ta maye gurbin wadda ta mutu?

Wayar ƙanwata ta faɗa cikin bokitin wanki, sai abokai suka yi ta kawo shawara. Yawanci batir suka fi damuwa da shi: in wuta ba ta zama a unguwarku, kada a sayi ƙasa da 5000mAh. A nan Tecno da Infinix suka ci, ga kayan gyaransu birjik a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, sai dai yawan talla. Masu son Samsung suka ce ta fi daɗewa tana samun sabuntawa, amma gilashinta in ya fashe, aljihu zai ji jiki. iPhone ta hannu kuwa, a duba lafiyar batir, a kuma tabbatar mai ita na da ya cire asusunsa na iCloud (asusun Apple da ke iya kulle wayar) kafin a miƙa kuɗi. Ni dai mai ma'ajiyar 128GB na nace mata, don na san bidiyon bikin da take tarawa.