Wane keken ɗinki ne ya fi sauƙi ga mai koyo?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina son sayen keken ɗinki domin gyaran tufafin yarana da ɗinka musu ƙananan kaya a gida, amma ban taɓa zama a gaban keke ba. Na ga akwai na ƙafa, akwai na lantarki, akwai kuma mai kwamfuta wanda aka ce yana da salon ɗinki barkatai, har zaɓin ya rikita ni. Ina roƙon waɗanda suka san sana'ar su gaya mini wanda ya fi dacewa da mace mai koyo irina, da kuma abin da ya kamata in fara da shi idan na saya.

Tsohon Tela:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni dai shawarata ita ce baƙin keken nan na ƙarfe mai feda, irin ƙirar Singer 15, wadda Butterfly da wasu kamfanoni da dama suka kwaikwaya. Miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, kuma a ganina wannan ne alfanunsa, domin babu maɓallan da za su ɗauke miki hankali, ba ruwansa da wuta, kayan gyaransa kuma ba su da wuyar samu. Wahalarsa ɗaya ce, wato koyon taka feda. Idan ƙafa ta yi kuskure keken zai juya da baya, nan take zare ya tsinke ko ya cukurkuɗe. Saboda haka ki cire zare da allura, ki fara tura wili da hannu zuwa wajenki, ƙafa ta karɓa, ki yi ta takawa har sai kin iya tashi da tsayawa ba tare da ya koma baya ba.

Uwar Ɗinki:
Baba Tela, da girmanka, a nan na ɗan saɓa maka. Matar da take da tsayayyar wuta kuma kayan yara za ta riƙa ɗinkawa, ƙaramin keken lantarki marar kwamfuta ya fi mata, ko Brother ne, ko Janome, ko Singer. Dalilina shi ne yana yin zigzag, wato ɗinkin da allura take zuwa dama da hagu, wanda ake buƙata wajen kame bakin yadi don kada ya zare da kuma ɗinka yadi mai talewa, sannan yana buɗe gidan maɓalli, yana da ɗinkin komawa baya na ƙulle zare. Wannan ya wadatar, sauran salon ado ba kasafai ake taɓa su ba.

’Yar’uwa, kafin ki biya ki tafi da ƙyallaye iri biyu, mai laushi da mai kauri, ki sa a ɗinka su a gabanki, ki juya ki duba bayan ɗinkin. Ki gwada taka fedar da kanki ki ga ko keken yana iya tafiya a hankali, domin wanda yake fizga da zarar an taɓa shi yana tsorata mai koyo. Ki guji ’yan mitsi-mitsin kekunan roba marasa nauyi, waɗanda suke rawa a kan tebur.

Abin da ya fi ba ni wuya lokacin da nake koyo shi ne sa zare, ba ɗinkin kansa ba. Na shafe kwanaki ina ganin zare ya taru a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu, ina ta kwance kwarkwaron zaren ƙasa ina mayarwa, har na yanke cewa keken ne ya zo da matsala. Ashe laifin daga sama yake: ina sa zaren alhali ƙarfen da ke danne yadi yana sauke. Idan yana sauke, faifan nan biyu da suke matse zare a rufe suke, zaren ba ya shiga tsakaninsu, sai ya sauka sako-sako. Ki ɗaga shi tukuna, ki sa zare, sannan ki riƙe wutsiyar zaren sama da na ƙasa da yatsa a ɗinki biyu ko uku na farko.

Tsohon Tela:
Maganarki ta zigzag gaskiya ce, Hajiya, ban musa ba. Zan ƙara da batun allura, wanda masu koyo suke rainawa. Lamba 70/10 ta yadi mara nauyi ce, 80/12 da 90/14 na matsakaici, 100/16 kuma ta mai kauri irin jins. Idan ɗinki ya fara tsallake ko kin ji allura tana bugun yadi da ƙara, ki canza ta kafin ki taɓa wani abu. Inda gefenta mai faɗi yake fuskanta ya bambanta daga keke zuwa keke, don haka ki duba littafin da ya zo da naki. Ki saita tsawon ɗinki a kan milimita 2.5, ki fara da bin layin da kika zana a takarda ba tare da zare ba, sannan ki koma ƙyalle. Kada ki ja yadi, haƙoran keke ne suke tafiyar da shi, naki kawai ki daidaita masa hanya, kuma ja yana lanƙwasa allura har ta karye. Ki riƙa share burbushin zare daga ƙarƙashin farantin allura, kuma man keke kaɗai za ki ɗiga, a wuraren da littafin ya nuna.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na tsayar da shawara a kan na lantarki mai zigzag, tunda yawancin kayan yaran masu talewa ne. Na riga na ware ƙyallayen gwaji da wata tsohuwar rigar matashin kai da zan fara kwaikwaya. Tambayata ta ƙarshe ita ce, shin yadi mai talewa yana da allurarsa ta daban?

Uwar Ɗinki:
Yana da ita. Bakinta a ɗan mulmule yake, tana ratsawa tsakanin zaren saƙar ba tare da ta tsinka shi ba, kuma za ki ga an rubuta Jersey ko Stretch a jikin kwalinta. Ki haɗa ta da ƙaramin zigzag, domin miƙaƙƙen ɗinki yana tsinkewa idan yaro ya ja rigar zai sa.