Shawarwari ga mai niyyar zuwa Fas

Yawancin waɗanda suka je birnin Fas na Maroko sun ce a sauka Kasablanka, a hau jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa 4. Mota ba ta shiga tsohon garin, sai ƙafa da jakuna, kuma lungunan na ɓatar da baƙo. Samarin da ke cewa za su nuna hanya, a daidaita kuɗi da su tukuna. Masu ziyartar zawiyar Shehu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, su je da sassafe. A majemar Shuwara a karɓi ganyen na'ana'ar da ake miƙawa, don ko Bakano da ya saba da majema sai ya toshe hanci. Ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke.