Zan kai Baba Dutsen Rainier ya ga furanni, wace hanya za mu bi?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba ya zo mana birnin Seattle na Amurka daga Katsina, zai koma ƙarshen Agusta. Tun ranar da gari ya washe ya hango Dutsen Rainier ta tagar falo bai daina zancensa ba. Na ce masa dutse ne mai aman wuta, ya ce to ina wutar, shi dai ƙanƙara yake gani. Ina so in kai shi Paradise, wani wurin shaƙatawa a jikin dutsen, ya ga furanni kafin su bushe. Shekarunsa 68, manomi ne, tafiya ba ta ba shi tsoro, sai dai gwiwarsa ta hagu na damunsa a gangara. Zai iya zagayen Skyline, hanyar ƙafa da ke tashi daga Paradise ta dawo? Kuma yaushe ya fi?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta furannin suka fi cika, gwargwadon narkewar ƙanƙara. Skyline kuwa kusan kilomita 9 ne, hawansa ya haura mita 500, kuma saukowar ce ke cin gwiwa. Kada ki kai shi. Ku nufi magangarar ruwa ta Myrtle Falls, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta kai kilomita ɗaya daga wurin ajiye motoci ba. Bara na tsaya a gadar wurin, ruwa na zuba ƙarƙashina, dutsen fari fat a sama, gangaren duk shuɗi da ja kamar an shanya atamfa. Ga wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya, marmot, kwance kan dutse tana fito. Na fi rabin awa ban motsa ba.

Hajiya Binta:
Ku fita da an idar da asuba, tafiyar ta kai awa biyu da rabi, kuma da hantsi wurin motoci ya cika. Ki ɗaukar masa rigar sanyi da sanda, Paradise ya haura mita 1,600. Sannan ki ja masa kunne, ƙanwata, manomi in ya ga tsiro sai ya taɓa. An hana tsinka, an hana sauka daga hanya. Ƙasar tana shafe yawancin shekara a ƙarƙashin ƙanƙara, makonni kaɗan tsiron ke samu ya yi fure.

Maman Hanif:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta masa, ya ce ya yarda ba zai tsinka ba, amma sai ya durƙusa ya duba irin ƙasar. Talata za mu je in sha Allahu.