Neman kalma: yaya za mu ce turbulence da Hausa?

Malamar Fiziks: Salamu alaikum. Ina da shirin kimiyya a rediyo ranar Laraba, gobe kuma zan miƙa rubutun. Zan kawo gwajin da Osborne Reynolds ya yi a Manchester a 1883. Ya ɗura ruwa a bututun gilashi, ya sako rini a tsakiya. Ruwan na tafiya a hankali, rinin ya miƙe siriri. Da gudu ya ƙaru, sai ya karye ya bazu ko'ina. Wannan hali na biyu, wato turbulence, nake nema wa suna, sai kuma stability, wato yadda gudun ruwa ke komawa daidai bayan an ɗan taɓa shi.

Abu Fadila: Gargada mana. Ita ake faɗi idan jirgin sama ya shiga mummunar iska.

Injiniyan Kakuri: Malam, gargada abin da fasinja ke ji ne a kujerarsa. Ruwan da ke cikin bututu ba ya gargada. Ni dai "yamutsi". A cikinsa manyan juyi ne ke haifar da ƙanana, su ma su haifi nasu, har kaurin ruwan ya cinye ƙarfin ya mai da shi zafi. Abin da Kolmogorov, masanin lissafi ɗan Rasha, ya yi lissafinsa ke nan a 1941.

Baba Mai Ƙamus: Yamutsi na kasuwa ne da filin siyasa. Ku ɗauki "dagulo", daga dagula. Kalma ɗaya, ta zauna a baki.

Injiniyan Kakuri: Baba, a gafarce ni. Dagulallen ruwa laka ce ta tashi, yana iya kwanciya a kududdufi ko motsi babu. Buɗe famfo har ƙarshe ka gani: ruwa tsaf, amma a yamutse yake fita. Kogin Kaduna a watan Agusta ne ya haɗa duka biyun.

Baba Mai Ƙamus: Ai shi ya sa ban ce dagulalle ba. Dagulo sabuwa ce, mu za mu ba ta ma'ana.

Ɗan Kawo: A rubuta "tabulans" kawai, kamar yadda aka yi da rediyo.

Baba Mai Ƙamus: Haba ɗana! Irin Hausar barikin nan ce ta sa Kanawa ke raina mu.

Abu Fadila: Su raina wa? Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya aka fara buga ta, tun 1939. Kalmomi nawa mutane suka fara ji daga gidan rediyon Kaduna?

Malamar Fiziks: Don Allah mu dawo, lokaci na ƙurewa. Stability fa?

Injiniyan Kakuri: Malama, ki bayyana shi kafin ki raɗa masa suna. Tambayar ita ce, idan aka ɗan taɓa gudun ruwan, motsin zai mutu ne ko zai girma? A bututu, idan lambar Reynolds, wato lambar da ake auna yanayin gudun ruwa da ita, ba ta kai wajen 2,000 ba, mutuwa yake yi. Sauri da faɗin bututu ke ɗaga lambar, kauri ke sauke ta. "Natsuwa" ta yi kusa.

Abu Fadila: Natsuwa ba ta nuna an taɓa shi ya jure ba. "Juriya" fa?

Malamar Fiziks: To, na ɗauki "gudun yamutsi", ɗayan kuma "gudu a natse". Stability zan bayyana da jimla, kamar yadda Injiniya ya ce. Na gode.

Baba Mai Ƙamus: Ba komai, 'yata. Amma ki ambaci dagulo ko sau ɗaya ne a shirin, masu sauraro su yi hukunci.