070 ko 395: wanne ya fi ƙarfi a jikin gungume?

Alhaji Sale Mai Katako: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan ƙara injin yankan katako ɗaya a aikin da yarana ke yi a dajin Kurmi, sai wani dila ya zo yana zuga ni in bar Stihl 070 in ɗauki Husqvarna 395 XP, wai ya fi ƙarfi. Ni dai abin da na tashi na tarar, kuma har gobe a kansa nake, shi ne babu wani Husqvarna da zai ja da 070 a jikin gungume. Wanda ke da ja, ga fili ga mai doki.

Nura: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma Alhaji, amma wannan karon takarda ba ta goyi bayanka ba. 070 cc 105.7 gare shi, wato girman cikin injin, kamfaninsa ya rubuta masa kilowat 4.8, wato awon ƙarfinsa. Shi kuwa 395 cc 93.6 ne, amma kilowat 4.9. Ƙaramin ya ɗan ɗara babban ke nan. Ga shi kilo 7.9 ne kawai, naka kuwa ya haura kilo goma tun ba a ɗaura masa sarƙa da biled ba, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai. In kuma da gaske "babu wani Husqvarna" kake nufi, to akwai 3120 XP mai kilowat 6.2, wanda 070 ko ƙurarsa ba zai hango ba.

Danladi Ofareto: Nura, ka taɓa tsaga maɗaci daga hantsi zuwa la'asar?

Nura: Ban taɓa ba, Oga. Lissafi na kawo.

Danladi Ofareto: To ajiye lissafin ka saurara. Kayar da bishiya minti nawa ne? Tsagawa ita ce aikin. Ka tsoma igiya a baƙin mai, ka ja ta a bayan gungume ka fyaɗa ta bar maka layi, ka kafa hancin biled, ka riƙa ja da baya a sunkuye har ƙafa goma sha biyu, ka dawo ka sake. Haka za ka wuni. Shi 070 da ya nutsa cikin itace sai muryarsa ta yi ƙasa ta zauna wuri ɗaya, ka danna shi, ya ci gaba da ci kamar ba shi ake dannawa ba. Waɗannan masu ihun kuwa, kafin su taɓa itace sai ka ce jirgi zai tashi. Ka ɗan sakar musu nauyinka a tsakiyar kawo, sai ka ji murya ta shaƙe, dole ka ɗaga hannu ya dawo hayyacinsa. Da hannuna na riƙe duka biyun, ba labari aka ba ni ba.

Alhaji Sale Mai Katako: Yauwa Danladi, Allah ya yi maka albarka. Faɗa masa.

Habu Bakanike: Alhaji kada ka yi saurin shewa. Da Nura da Danladi babu wanda ya yi ƙarya, kowa gefen da yake gani ya faɗa. Ni da nake buɗe cikinsu, ga abin da na sani. Abin da ake rubutawa a kwali haɗin abu biyu ne: ƙarfin da inji ke murɗa sarƙa da shi, da kuma yawan juyin da yake yi a minti ɗaya. 070 yana kai ƙololuwar ƙarfinsa a wajen juyi 7,000, shi kuwa 395 sai ya hau 8,700. Fistin ɗin 070 faɗinsa milimita 58, yana tafiyar 40. Na 395 kuma 56 da 38. Tunda kilowat ɗinsu kusan ɗaya ne, to wanda ke juyawa a hankali shi ya fi murɗawa, da kamar kashi ɗaya cikin biyar. Wannan shi Danladi ke ji a kafaɗarsa. Roka ce da Hilux. Ka loda wa roka siminti ta hau tudu tana gurnani, ba za ta tsaya ba, amma kada ka ce za ta yi tsere.

Nura: Na yarda da wannan, Malam Habu. Amma ai kilowat ɗin ya riga ya ƙunshi duka biyun. In an bar 395 a gudunsa, itacen da zai cire a minti ɗaya ba zai gaza na 070 ba.

Habu Bakanike: In an bar shi. Wa zai bar shi? Je ka duba sarƙar ofaretocinmu. Gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudu da ke hana haƙorin nutsawa fiye da kima. A sarƙa mai girman .404 ƙa'ida ya yi ƙasa da haƙori da milimita 0.8. Su kuwa sai su sa magagari su gurje shi kusan ya ɓace, don haƙori ya riƙa ɗibar babbar loma. 070 zai iya haɗiye wannan lomar. Ka ɗora irin wannan sarƙa a kan inji mai son gudu, ga biled inci talatin da shida, ka kuma hau kansa da nauyinka, ai ka shaƙe shi da hannunka ne, sannan ka dawo gari kana cewa ba shi da ƙarfi.

Danladi Ofareto: Yanzu laifin ya dawo kaina ke nan?

Habu Bakanike: Rabinsa dai. Kuma nawa ne a cikinku ke wasa haƙorin tsaga daban da na sara? Na tsaga kusan miƙe ake yinsa, wajen digiri goma. Na sara ne ake karkatawa zuwa talatin.

Ɗan Gembu: Ku duka daga kwari kuke magana. Mu nan saman Mambila mun haura mita 1,500, iska ba ta da kauri, kowane inji yana zubar da kamar kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Ku lissafa. Wanda ya sayo inji a Jalingo ya hau da shi bai gyara kafireto ba, sai hayaƙi da tari, ko sunan wa aka rubuta a jiki. Kuma mu yawanci itacen turare muke tsagawa, ba irin manyan gungumanku ba. Ni na koma mai sauƙin nauyi. Ku tambayi yaron da ke saɓa 070 a kafaɗa, ga jarkar fetur a ɗaya hannun, yana hawan tudu da sanyin safiya, ku ji wanne zai zaɓa.

Danladi Ofareto: Yaro ai ba shi ke yanka ba.

Ɗan Gembu: Amma kai ke yanka, Oga, kuma ka san yadda yatsunka ke yi da daddare. Yawancin 070 da ke hannunmu babu abin rage girgiza, babu burkin sarƙa. Bayan azahar ba injin ne ke gajiya ba, mai riƙe da shi ne.

Baba Tanko Kumasi: Ina ta karatu ban ce komai ba. Wane 070 ɗin ma kuke ta musu a kai? Nan Gana tun 1998 doka ta hana tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji, ni na daɗe da barin harkar, amma kafin in bari na sha kashi sau ɗaya. Na sayi inji a hannun wani, fenti sumul, suna ɗauke a jiki, farashi da sauƙi har na yi ta murna na yi tsintuwa. Sati uku ya buga. Da aka buɗe, cikin bulo ya ɗaye kamar tsohon kwanon sha. Ashe jabu ne. Yanzu sai mutum ya ɗauko jabun wannan ya gwada da orijinan wancan, ko ya ɗauko wanda aka sauya wa fistin sau huɗu, ya ce ya gano wanda ya fi.

Habu Bakanike: Baba ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ƙara da mai. Kamfanonin biyu duk 50:1 suke cewa in da man da aka yi don irin injin ne, wato mililita ashirin a litar fetur. Mutanenmu kuwa da ido suke zubawa, wani ma man mota yake tsiyayawa. Fulogi ya yi baƙi ƙirin, salansa ta toshe, filta ta cika da garin katako. A nan dole a yaba wa Husqvarna, fankarsa tana watsar da yawancin garin kafin iska ta kai filta.

Nura: Kuma Alhaji, gwajin ma bai yi adalci ba. 070 tsarin ƙarshen shekarun 1960 ne. Sa'an 395 a gidan Stihl shi ne MS 660, cc 91.6, kilowat 5.2, kuma a nan Stihl ne a sama. Suka fito da 661 mai 5.4, Husqvarna suka mayar da martani da 592 XP mai 5.6. Shi 3120 da na ambata, MS 880 ya ɗara shi da 6.4. Yau Stihl na Jamus, gobe Husqvarna na Suwidin. Sannan a kula da dila in ya fara maganar ƙarfin doki, don awon doki iri biyu ne. Kilowat 4.8 ɗin nan a wani awon doki 6.5 ne, a wani 6.4.

Alhaji Sale Mai Katako: Duk na ji. Amma in ringi ya karye a tsakiyar daji, na 070 ko a ƙaramar kasuwa yaro zai samo ya dawo kafin magariba. Injin da ke kwance yana jiran kayan gyara doki nawa gare shi?

Nura: Ranka ya daɗe, ka sauya magana. Da farko ƙarfi ka ce.

Alhaji Sale Mai Katako: Ɗan nan, ni katako nake ƙirgawa da yamma.

Habu Bakanike: To a daina cacar baki. Dilan ya kawo 395 ɗinsa garin Bali ranar Asabar, Danladi ya zo da 070. Gungume ɗaya na maɗaci, biled tsawo ɗaya, sabuwar sarƙa kowanne, ni zan wasa su, ni zan haɗa mai. Ba caca ba ce, kada wani ya sa kuɗi.

Danladi Ofareto: Na yarda, da sharaɗi. Ba yankan gindi na minti ɗaya a ɗauka a waya ba. Tsaga za a yi daga ƙarfe takwas zuwa kiran azahar, a ƙirga falanki, a auna fetur ɗin da kowa ya sha. Kuma Malam Habu ba zai taɓa sarƙata ba.

Habu Bakanike: Ka ga abin da nake faɗa ko?

Ɗan Gembu: Ni ma da nawa sharaɗin. Kowane ofareto shi zai ɗauko injinsa daga bakin titi zuwa wurin gungumen.

Alhaji Sale Mai Katako: Fetur da abinci a wuyana. Nura, kai za ka riƙe agogo, kuma ka zo da takalmin shiga daji.