Yaya ake tsara izinin masu amfani da shafin intanet yadda kowa zai gane?

Sani_K:
Assalamu alaikum. Idan akwatunan izini sun haura talatin, mai kula da shafi yakan rasa wanda zai danna wa wa, ƙarshe ya mai da kowa admin, mai cikakken iko, don a huta. Ta ina ake fara gyara?

Hadiza_M:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. A fara da takarda kafin a taɓa kwamfuta. Zana jadawali: ayyuka a gefe, matsayai a sama, kada matsayan su wuce huɗu ko biyar. Kowane izini a rubuta shi da aikatau, a faɗi abin da ya shafa da kuma na wane ne. "Sarrafa abubuwa" ba ya gaya wa kowa komai. "Gyara rubutunsa", "gyara rubutun wasu", "wallafa", "goge", waɗannan su ne ake ganewa.

WordPress, manhajar gina shafukan intanet, misali ne mai kyau. Matsayai biyar ne a shafi guda: admin, edita, marubuci, mai ba da gudummawa, mai rajista. Marubuci yana wallafa nasa, edita yana taɓa na kowa. Amma mai ba da gudummawa yana rubutu, ba ya wallafawa, ko hoto ba ya iya ɗorawa, kuma sunan matsayin bai nuna haka ba. Don haka a sa layi ɗaya ƙarƙashin kowane matsayi, mai faɗin abin da zai iya da abin da ba zai iya ba. Na biyun ne aka fi mantawa.

Bello_Injiniya:
Malama Hadiza ta yi daidai. Inda abin yake cakuɗewa shi ne mutum ɗaya a rukuni biyu, wannan ya ba shi, wancan ya hana. A tsai da doka ɗaya, ko hani ya rinjayi bayarwa ko akasin haka, a rubuta ta a saman shafin saituna. Sannan a yi wa kowane mutum shafin da ke nuna izininsa na ƙarshe da inda ya samo shi, kamar "yana iya gogewa saboda yana rukunin editoci". A guji ba mutum izini shi kaɗai a wajen rukuni, domin bayan wata shida ba mai tuna dalili. Kowane canji a ajiye wanda ya yi da lokacin.

Sani_K:
Na gode. To maɓallin da mutum ba shi da izininsa, a ɓoye ko a bar shi?

Usman_D:
Idan aiki ne da zai iya neman a ba shi, a bar maɓallin a dusashe da bayani: "Edita ne ke wallafawa, tura masa ya duba." Idan bai shafe shi ba sam, a ɓoye. Saƙon kuskure ma a bambanta: lambar kuskure 401 ga wanda bai shiga da sunansa ba, 403 ga wanda ya shiga amma ba shi da izini.

Sai dai Malam, ɓoye maɓalli ba tsaro ba ne. Dole sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta binciki izini a kowace buƙata. In ba haka ba, wani ya canza lambar takarda daga 41 zuwa 42 a adireshin shafi, sai ga takardar wani a gabansa. A jerin manyan matsalolin tsaron shafukan intanet da ƙungiyar OWASP ta fitar a 2021, wannan matsala ta lalacewar iyakar izini ce ta ɗaya. Buɗe asusun gwaji ɗaya ga kowane matsayi, ka bi jadawalin Malama Hadiza akwati bayan akwati, har da ayyukan da ya kamata a hana.