A ina za a ɗana wayar a cikin rediyo?

Autan zaure, Ringim: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: kowace rediyo mai gajeren zango, in ka jawo waya daga IF ɗinta, wato matsakaicin zangon da take sarrafa tasha a kai, zuwa kwamfuta, za ka ga tashoshin mita 25 reras a allo.

Mai gyara, Dambatta: Wa alaikumus salam. Auta, "kowace" ɗin nan ce ta kayar da kai. Buɗe ƙananan nan na ranar kasuwa ka gani, cip ɗaya ke yin komai, ba wurin ɗana waya. Sai tsofaffi masu 'yan gwangwanaye huɗu a ciki, ja, rawaya, fari da baƙi.

Auta: Ai irinta ce a hannuna, ta Baba. Na liƙa waya a ƙafar baƙin, na kai ramin makirufon kwamfuta, shiru kake ji.

Malamin kimiyya, Kazaure: Dole ka ji shiru. Kowace tasha ka murɗo, rediyon na mai da ita kilohaz 455, shi ne IF ɗin. Katin sautin kwamfutarka kuwa, mai ɗaukar sauti sau 48,000 a daƙiƙa, iyakarsa kilohaz 24. Sai ka sa cip ɗin NE602 yana kaɗawa a kilohaz 467, bambancin ya ba ka 12, wanda katin zai iya ji.

Mai gyara: Ko ya sauke, Malam, tasha ɗaya zai gani. Gwangwanayen nan rariya ce, kafin a kai baƙin an tace kowa. A ɗana kafin rawayan, da ƙaramar kapasita da tiransisto J310 a tsakani. In ba haka ba wayar ta janye ƙarfin, rediyon Baba ta kurmance.

Malamin kimiyya: Wannan gaskiya ne, amma ko a nan maganar Auta ba ta tashi ba. Mita 25 daga megahaz 11.6 ne zuwa 12.1, faɗin kilohaz 500 ke nan, tashoshi na tazarar biyar biyar. Ta kafar kilohaz 24 nawa zai hango? Huɗu. Ya nemi 'yar sandar RTL-SDR, rediyon da ake soka wa kwamfuta, tana kallon megahaz 2.4 a lokaci guda, ya ƙyale rediyon tsoho.

Mai gyara: Gama-garinta daga megahaz 24 take fara ji, Malam. Mita 25 na ƙasa da nan.

Malamin kimiyya: Mai lamba V3 tana saukowa.

Mai gyara: Tana saukowa, amma ƙofarta a buɗe take, tasha mai ƙarfi ta shigo ta danne raunana. Rediyon ce mai gadin ƙofa, shi ya sa nake son IF. Kuma Auta, zare cajar kwamfutar kafin ka gwada, ƙararta ta fi ta injin markaɗe.

Auta: To ku dakata. Baba ya dawo daga masallaci yana neman rediyonsa, ga kusoshinta a kan faifai.